Kumburin ya sace, mahaifinsa ya ce a daina kemo

Goggon Abba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, kaina ya kulle. Ɗan yayana ne, Abba, shekararsa 7, muna Rigasa. Bayan ƙaramar Sallah kuncinsa na hagu ya fara kumbura, muka ɗauka hangum ne. Daga baya haƙora suka fara girgiɗa, aka kai shi aka cire ɗaya. Kafin sati uku fuskar ta sauya gaba ɗaya, har ido ya fara turowa. A asibitin koyarwa suka ɗebi tsoka suka auna, suka ce kansa ce, sunanta Burkitt. An yi masa kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, zagaye biyu, wallahi kumburin ya sace kamar ba a taɓa yi ba. Yanzu Yaya ya ce tunda Allah ya kawo sauƙi a haƙura haka. Su kuma likitoci sun ce saura zagaye huɗu, kuma kowane zagaye magani uku suke haɗa masa, ga allurar gadon baya. Yaron ya rame, gashin kansa ya zube, bakinsa duk gyambo. Sannan an kawo wata takarda a ce a sa hannu za a saka shi cikin bincike. Yaya na jin kalmar bincike ya ce shi ba za a yi gwaji da ɗansa ba. Ranar Talata ya kamata mu koma. Me zan gaya masa?

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Abba lafiya, ya sa kaffara ne. Goggo, ku koma. Ko da rance ne ku koma.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai ban ga laifin yayanki ba. A Fagge na tashi, ina da wayona a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada maganin Trovan. Yara 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka shanye. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi musu haka, iyaye suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan abin yana cikin abubuwan da suka sa mutanenmu suka guji rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sannan ku gaya mini, wane irin ciwo ne sai an ɗura wa yaro ɗan shekara 7 guba kala uku a lokaci ɗaya? In sun san maganin, ai ɗaya ya isa.

Mai Kemis na Kawo: Baban Khalifa, a nan kam ba na tare da kai. Mai tarin fuka magani huɗu ake haɗa masa a cikin ƙwaya ɗaya a farkon jinya, kuma wata 6 yake shan magani. Maganin zazzaɓin cizon sauro da kake saya a wurina ma biyu ne aka haɗa. Haɗa magani ba alamar lalube ba ce. Bari Likita ta hau ta yi mana bayani.

Likitar Yara: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na ga maganar. Goggo, sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ba ni nake duba Abba ba, don haka maganar likitocinsa ita ce gaba da tawa. Amma zan faɗi inda wannan haɗin ya samo asali, don tambayar Baban Khalifa tambaya ce mai kyau, kuma likitocin farko ma da magani ɗaya suka fara.

A 1948 wani likita a Boston ta Amurka, Sidney Farber, ya fitar da sakamakon yara 16 masu sankarar jini, wato kansar jini, da ya ba magani guda ɗaya, aminofterin. Goma daga cikinsu suka farfaɗo, suka tashi suna wasa, jininsu ya gyaru. Iyaye suka yi murna irin wadda gidanku ke yi yau. Cikin watanni ciwon ya dawo, kuma da ya dawo maganin ya daina cin sa. Aka samo wani maganin, shi ma haka. Sai aka gane cewa ƙwayoyin kansa ba duka halinsu ɗaya ba. A cikin biliyoyi akwai 'yan kaɗan da maganin farko bai kama su, su ne suke saura su hayayyafa. In ka kawo na biyu daga baya, ka riga ka ba su lokaci.

A farkon shekarun 1960 likitoci biyu a cibiyar binciken kansa ta gwamnatin Amurka, Emil Frei da Emil Freireich, suka haɗa magani huɗu lokaci guda: binkiristin, metotireksit, makaftofurin da firednison. Abokan aikinsu da yawa sun ce wannan zalunci ne. Hikimar ita ce kowane magani ta ƙofarsa yake shiga, kuma kowanne da inda yake wahalar da jiki. Wani jijiya yake taɓawa, wani ɓargo, wani baki da hanji. Saboda haka ƙarfinsu a kan kansa yana taruwa, illarsu kuma tana rarrabuwa.

Baban Khalifa: To sun warke?

Likitar Yara: Kaɗan ne suka warke a wancan karon. Yawancinsu jini ya wanke tas, sai bayan wani lokaci suka dawo da ciwon kai da amai. Ashe ƙwayoyin sun ɓuya a ruwan ƙwaƙwalwa da na laka, inda maganin da aka sa ta jijiya ba ya isa sosai, don Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge da ke tace abin da ke shigarta daga jini. Goggo, asalin allurar gadon bayan da kike gani ke nan. Ba mugunta ba ce, magani ake kaiwa maɓoyar. Donald Pinkel a asibitin St. Jude da ke Memphis shi ya haɗa duka: magunguna da yawa, kare ƙwaƙwalwa, da jinya ta shekara 2 zuwa 3. Lokacin da aka buɗe asibitin a 1962, yara 4 cikin 100 ne ke tsira daga wannan sankarar jinin. Zuwa farkon shekarun 1970 an kai kusan rabi. Yau a ƙasashen da suke da hali kusan 90 cikin 100 ne. Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina ɗaliba shi ne yawancin magungunan tsofaffi ne, tun na shekarun 1950 da 1960. Abin da ya sauya shi ne sanin nawa za a ba da, yaushe, da wanne za a haɗa, zuwa yaushe. Kuma duk ta hanyar bincike aka san su, rukuni bayan rukuni na yara.

Goggon Abba: Likita na gode, Allah ya saka. Amma abin da Yaya ke faɗa shi ne idonsa ya gani, babu komai a fuskar. Me ake kashewa kuma?

Likitar Yara: Ƙullutu mai faɗin santimita 1, kamar ƙwayar gyaɗa, yana ɗauke da ƙwayoyin kansa kusan biliyan 1. Ƙasa da haka hannu ba ya ji, sau da yawa hoto ma ba ya nunawa. Wani masani, Howard Skipper, ya nuna a jikin ɓeraye cewa kowane zagaye na magani kaso yake kashewa, ba adadi ba. Misali in zagaye ɗaya yana kashe 99 cikin 100, to biliyan 1 zai koma miliyan 10, na biyu ya mai da shi 100,000. A nan fuska ta koma daidai, kowa ya ce an warke, alhali dubu ɗari na nan. Ita kuwa Burkitt tana cikin kansar da ta fi kowace saurin girma a jikin ɗan Adam, tana iya ninka kanta cikin kwana 1 zuwa 2. Ke da kanki kin ga abin da ta yi a sati uku. Shi ya sa ko jinkirta zagaye ba a so, balle dainawa.

An ma gwada ragewar, ba zato ake yi ba. Pinkel ya kwatanta cikakken awo da rabin awo, masu rabi ciwonsu ya fi saurin dawowa. A Japan an taƙaita jinyar sankarar jini zuwa shekara 1, aka ga ta fi dawowa. Sa'ar Abba ita ce tasa jinyar ta 'yan watanni ce, ba ta shekaru ba.

Manomin Birnin Yero: Kamar ƙuduji ke nan a gonar dawa. Ka tuge wanda ya fito ka ce ka gama, irinsa na kwance a ƙasa.

Inna ta Tudun Wada: Ban cika magana a nan ba amma yau sai na yi. Nawa ɗan a ciki ya fito masa, shekararsa 9. Zagaye uku aka yi, cikin ya koma daidai, ya koma makarantar allo. Kuɗi sun ƙare, na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnena. Dangin ubansa suka ce dama daji ba ya son allura, a kai shi gida a yi na gargajiya. Ni ma zuciyata ta so hakan, don na gaji da ganin yana amai. Ba wanda ya tilasta ni. Wata biyu cikin ya dawo ya fi na da, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Da muka koma aka sa maganin da ya yi aiki da farko, ko gezau. Kwanansa 19 a gadon asibiti. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma shekara shida ke nan, duk daren da na farka sai na ƙirga zagaye ukun nan da suka rage. Goggo, ki karanta wa yayanki wannan, ki ce in ji wata uwa.

Maman Ihsan: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne, Inna.

Malam na Badarawa: Allah ya ba ki ladan haƙuri, Hajiya. 'Yan'uwa, ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. A yi wa yaro tofi, a yi sadaka, a tashi da dare, kuma a kai shi ranar Talata. Babu wanda ya hana wani. In mahaifin yana so, zan zo har gida bayan Isha'i mu zauna.

Ɗalibin Likitanci: Ina so in ƙara wani abu da aka koya mana, don a san ciwon nan namu ne, ba na Turawa ba. Denis Burkitt likitan fiɗa ne ɗan Ailan da ke aiki a asibitin Mulago a Kampala, shi ya bayyana shi a 1958 bayan ya yi ta ganin yara da kumburin muƙamuƙi. Ya bi asibitocin Afirka ya ga ciwon ya fi yawa inda ake da zafi da damshi, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga tsokar da ya aika Landan aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964, ta farko da aka danganta da kansa a jikin mutum. Kuma a Ibadan, Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, yana cikin waɗanda suka nuna magani na narkar da ita, har ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt. Haɗin magungunan saikulofosfamaid da binkiristin da metotireksit da nake zaton shi ake ba Abba, a Yuganda aka gwada shi tun shekarun 1970. Abin da ke ci mini rai shi ne a Faransa tsarinsu na haɗa magunguna mai suna LMB ya daɗe yana warkar da kusan 90 cikin 100. A binciken da aka buga a 2020 ma, da aka ƙara wani magani mai suna rituksimab ga yara masu ciwo mai tsanani, waɗanda suka yi shekara 3 lafiya bayan fara jinya sun tashi daga kashi 82 zuwa kusan 94. Me ya hana mu kwafo tsarin nan kawai? Sai mu tsaya muna ba yaranmu na shekara 50 baya?

Sista Mai Dare: Ƙanena, ka zo ka kwana ɗaki ɗaya da mu sati guda tukuna. Maganin da ya kai wancan ƙarfin yana share fararen ƙwayoyin jini ƙaf na kwanaki. A lokacin yaro na buƙatar jini a shirye, da ƙwayoyin tsayar da zubar jini, da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi cikin awa ɗaya da fara zazzaɓi, da gwajin jini kullum, da nas da ba ta riƙe da gado ashirin. Yaranmu kuma da yawa da tamowa suke zuwa. Ka ba irin wannan yaron awon Faransa, kansa ba za ta samu damar kashe shi ba, maganin zai riga ta.

Likitar Yara: Sista ta faɗi gaskiya, kuma an gwada. A Blantyre ta Malawi, Peter Hesseling da Elizabeth Molyneux da abokan aikinsu sun ɗauko tsarin Faransa suka sassauta shi, duk da haka yara da dama suka rasu saboda zafin jinyar. Sai suka koma suka rage ƙarfi, suka gina tsari mai araha a kan saikulofosfamaid da allurar baya, suna samun kusan rabin yaran. Rabi ba abin alfahari ba ne in ka kwatanta da 90, amma ya fi gaban sifili nesa. To Baban Khalifa, ka ga inda nake so in kai ka. Awon da ya dace da yaron Rigasa mai fama da ƙarancin jini da zazzaɓin sauro, ba a Faris za a gano shi ba. Sai an rubuta abin da ya faru da yaranmu ɗaya bayan ɗaya: nauyinsu, abin da aka ba su, wa ya warke, wa ya rasu, da me. In kowa ya ƙi, haka za mu yi ta aron awon wasu.

Baban Khalifa: Likita, na yarda a ƙarasa maganin, maganar Inna ta kashe mini jiki. Amma batun takarda ina nan a kan bakana. Ku duba abin da ɗalibin nan ya faɗa da bakinsa. Da tsokar yaran Yuganda aka gano ƙwayar cutar, a jikin yaran Kampala da Ibadan aka koyi maganin, yau ɗan Faransa ke warkewa 90 cikin 100, namu kuma ana sayar da keken ɗinki. Wa ya ci ribar binciken? In an gama rubuce-rubucen, wa ke dawowa Rigasa ya ce ga abin da muka gano?

Likitar Yara: Ba ni da amsar da za ta wanke mu a nan, ranka ya daɗe. Gaskiya ka faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce yara kusan 400,000 ke kamuwa da kansa duk shekara, a ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na warkewa, a irin namu da yawa ƙasa da 30. Shi ya sa a 2018 ta sa burin a kai 60 cikin 100 kafin 2030, kuma Burkitt na cikin kansa shida da ta sa a gaba. Giɓin nan ba na rashin sanin magani ba ne. Zuwa a makare ne, da kuɗi, da yankewar magani, da barin jinya a tsakiya. Kuma mu masu bincike muna da laifin rashin komawa wurin iyaye da sakamako.

Game da takardar, ban gan ta ba, don haka ba zan ce a sa hannu ko kar a sa ba. Bincike iri-iri ne. Wani bayanan jinya kawai ake tattarawa, maganin bai sauya ba. Wani kuma ana raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a a kwatanta tsari biyu. Goggo, ku tambaye su wanne ne. Ku ce a karanta muku da Hausa, a ba ku kwafi ku zo da shi gida. Ku tambaya ko kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince, in kuma sabon magani ne ko NAFDAC ta san da shi. Tun 2007 Najeriya na da ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa, kuma a ƙarƙashinta yayanki na da haƙƙin ya ce a'a, ko ya sa hannu yau ya janye gobe, ba tare da an rage wa Abba komai a jinyarsa ba. Abu biyu ne daban. Kar ƙin takarda ya ja ƙin magani.

Mai Kemis na Kawo: Ƙarin jan kunne tunda an ambaci binkiristin. Daga wata fulawa ta Madagaska aka samo shi, irin mai fure fari ko ruwan hoda da ake shukawa a gaban gidaje nan Kaduna. Na taɓa jin wani na cewa a dafa ganyenta a ba mai daji. Don Allah kar a yi. Abin da ke cikin ganyen ɗan mitsitsi ne ainun, gubar da ke ciki kuma ta isa ta illata yaro. Sannan maganin kemo a saya inda asibiti ya nuna, don binkiristin sai a firji yake zama.

Maman Ihsan: Goggo, tawa 'yar sankarar jini ce ta kama ta, shekara biyu da rabi muna zarya. Gashin ya dawo har ana yi mata kitso, yanzu tana aji 2 na ƙaramar sakandare. Gyambon bakin nan, ruwan ɗumi da ɗan gishiri muke kurkura mata, kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa da ƙwai dafaffe take iya ci. Ki ba ni lambarki ta akwatin sirri, zan kira matar yayanki.

Goggon Abba: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na kai wa Yaya wayar, ƙaninmu ya karanta masa tun daga sama. Da aka zo kan maganar Inna ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Da safe ya ce za mu koma Talata. Takardar kuma ya ce sai an karanta masa da Hausa ya ji da kunnensa, kuma da tambayar Baban Khalifa zai je, wa zai dawo ya gaya masa abin da aka gano. Matsalar yanzu sun ce jininsa ya yi ƙasa, mu zo da mutum biyu da za su bayar.

Baban Khalifa: Ki sa ni ɗaya. Ƙarfe nawa za ku tashi?

Manomin Birnin Yero: Ni ne na biyu in an auna ya yi.

Sista Mai Dare: Masu ba da jini ku karya kumallo kafin ku fito. Goggo, ku sayi ma'aunin zafin jiki yau ɗin nan. Daga yanzu zuwa Talata in ya nuna 38 ko sama, kar ku ba shi farasitamol ku kwanta, kar ku jira gari ya waye, ku taho da shi ko ƙarfe biyun dare ne, ku ce wa na bakin ƙofa yaron yana kan kemo.

Goggon Abba: To Sista, yanzu zan aika a sayo. Baban Khalifa, ƙarfe 6 in sha Allah, mu haɗu a tashar Kawo.